Yadda Ake Binciken Yoyon Injin Wanki a Gida Ba Tare da Shiga Haɗari Ba

Injin wanki mai sarrafa kansa ya shiga gidaje da dama a Gombe, daga Tumfure zuwa Pantami da Jekadafari, kuma duk wanda ya saba da shi ya san yadda rai ke ɓaci idan ya tsaya ana tsakiyar wanki, ya fara ƙara, wasu haruffa suka bayyana a allonsa, ƙofa ta ƙi buɗuwa, ga kayan makarantar yara jiƙe a ciki. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su zare fulogi su sake sakawa, da fatan rubutun zai ɓace. Wani lokaci yana ɓacewa, amma idan gargaɗin na yoyo ne, ɓacewar rubutun ba ta nufin ruwan ya daina fita. Gargaɗin ba shi ne lalacewar ba, sanarwa ce kawai cewa ruwa ya kai inda bai kamata ya kai ba, a cikin na'urar da ke aiki da wuta mai ƙarfin bolt 230. Aikin da ke gaban mai gida shi ne ya gano ta inda ruwan ya fito, kuma ya yi hakan cikin tsarin da ba zai jefa shi ko iyalinsa cikin haɗari ba.

Da farko a tabbatar cewa gargaɗin na yoyo ne, domin kowane kamfani da nasa haruffan. A injinan Samsung, LE ko LC ko LC1 su ne alamar yoyo. A injinan LG kuwa alamar yoyo ita ce AE, kuma a nan ne mutane ke yawan ruɗewa, saboda LE a injin LG tana nufin motar da ke juya ganga ta cije ko an yi mata lodi fiye da ƙima, ba ta da alaƙa da ruwa. Injinan Bosch da Siemens, waɗanda galibi na gwanjo ne da ake shigowa da su daga Turai, suna nuna E23 ko F23. Akwai kuma alamomin da ke kusa da yoyo amma ba shi ba ne: 4E ko 4C a Samsung da IE a LG suna nufin ruwa ba ya shiga, 5E ko 5C a Samsung da OE a LG suna nufin ruwa ba ya fita. Ga sauran injina irin su Hisense da Haier Thermocool da Scanfrost da Midea, a duba littafin bayanin da ya zo cikin kwali, idan ya ɓata a nemi lambar samfurin injin a jikin takardar da ke manne a bayansa ko a bakin ƙofarsa, a bincika da ita a shafin kamfanin a intanet. Injin nan mai baho biyu da ake zuba wa ruwa da bokiti ba ya ba da gargaɗi ko kaɗan, sai dai a ga ruwa a ƙasa, amma abin da zan faɗa game da wuta ya shafe shi kamar yadda ya shafi sauran.

Sanin yadda injin ke gane yoyo yana sauƙaƙa binciken. A ƙarƙashin injina da yawa masu ƙofa a gaba akwai faranti na roba da ke tare duk ruwan da ya ɗiga daga ciki. A cikin farantin akwai wani ɗan abu maras nauyi da ke tasowa idan ruwa ya taru, ya danna ƙaramin makunni, ko kuma wasu ƙarafa biyu da ruwa ke haɗa su idan ya taɓa su. Da zarar hakan ta faru, injin zai rufe hanyar shigar ruwa ya kunna ƙaramin injin da ke zuƙe ruwa waje, shi ya sa ake jin gurnani ba ƙaƙƙautawa ko da ganga ta bushe. Wasu injinan kuma ba faranti suke dubawa ba, suna lura ne da yadda ruwan cikin ganga ke raguwa a lokacin da bai kamata ya ragu ba. Wannan bambancin yana da amfani, domin yana nuna cewa gargaɗin na iya fitowa alhali babu ɗigon ruwa ko ɗaya a daɓe.

Mataki na farko: raba injin da wuta

Kada a taɓa jikin injin, kada a taka ruwan da ke kewaye da shi, har sai an yanke wutar. Idan soket ɗin yana nesa da ruwa kuma hannu a bushe yake, a sa takalmin roba busasshe, a kashe makunnin soket, a zare fulogi ta hanyar riƙe kansa, ba jan waya ba. Idan kuwa ruwa ya kai ga soket, ko injin yana jone ne da soket na jan wuta da ke yashe a ƙasa, to a bar shi yadda yake, a tafi babban allon wutar gida a kashe bireka tukuna.

Ina so in tsaya a kan wani abu da ya shafi yadda muke rayuwa da wuta a nan. Ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne. Mutum yana iya ganin an ɗauke NEPA ya ɗauka ya samu damar sa hannu cikin injin, alhali JED, kamfanin da ke raba mana wuta, ba ta sanar da kowa lokacin da za ta dawo da ita, kuma a gida mai janareto ko mai sola da inbata wani na iya kunnawa daga can baya bai san abin da ake yi a ciki ba. Tabbacin da ake da shi guda ɗaya ne, wato a ga fulogi a zare, a ɗora shi a saman injin inda ido ke ganinsa, a kuma gaya wa mutanen gida cewa kada wanda ya mayar da shi. Bayan an zare, a dakata na 'yan mintuna, saboda wasu sassan ciki suna riƙe ragowar wuta na ɗan lokaci. A fitar da yara daga wurin gaba ɗaya, musamman masu rarrafe.

Gidaje da yawa namu an ja musu wuta ba tare da wayar ƙasa mai aiki ba, wato waya ta uku da ke kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ta cikin ƙasa. A irin wannan gida, idan ruwa ya taɓa waya a cikin injin, jikin ƙarfen ne ke ɗaukar wutar, kuma wanda ya fara taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu shi ne hanyar da za ta bi. Idan an taɓa jin injin yana ɗan jan mutum, ko da kaɗan ne, wannan ba halin injin ba ne da za a saba da shi, alama ce ta haɗari da ke buƙatar mai aikin wuta. Idan kuma, Allah Ya kiyaye, wuta ta kama wani, kada a kai masa hannu. A kashe bireka, ko a raba shi da injin da busasshen katako, sannan a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware.

Mataki na biyu: tsayar da ruwa da kwashe wanda ke ciki

A rufe famfon da ke ba injin ruwa. Idan famfon ya cije ko ba ya rufuwa sosai, a rufe na ƙarƙashin tankin sama. Daga nan a leƙa ta gilashin ƙofa. Muddin ana ganin ruwa a ganga, kada a yi ƙoƙarin buɗe ƙofar, kuma ko babu ruwa kada a ja ta da ƙarfi, domin makullinta yakan saki da kansa bayan kimanin minti 2 da yanke wuta, kuma marikin roba ne mai saurin karyewa. Idan wankin na ruwan zafi ne, wanda ke iya kaiwa digiri 60 ko 90, a ba shi kamar awa guda ya huce.

A ƙasan injin ta gaba, galibi ta hannun dama, akwai ɗan murfi. A bayansa za a ga murfin matata mai zagaye, a gefensa kuma sau da yawa akwai ɗan siririn tiyo mai toshi a baki. A shimfiɗa tsofaffin tsummoki, a kawo tire ko faffaɗan kwano maras zurfi, a jawo ɗan tiyon, a cire toshin, a bar ruwan ya tsiyaya. Idan kwanon ya cika a mayar da toshin, a zubar, a sake. Aiki ne mai cin lokaci, domin ganga na iya riƙe lita 10 ko fiye, amma gaggawa a nan ita ke sa a malale ɗaki. Idan injin ba shi da ɗan tiyon, a murɗa murfin matatar hagu a hankali, kaɗan kawai har ruwa ya fara fitowa, a riƙa rufewa ana buɗewa. Bayan ruwan ya ƙare sai a buɗe ƙofa a kwashe tufafin cikin baho.

Mataki na uku: karanta ruwan kafin a goge shi

Mutane kan yi saurin kawo abin goge daɓe, kuma da wannan suke share shaidar da ta fi kowace amfani. Kafin a goge, a haska tocila a duba inda ruwan ya fi taruwa: gaba ne, baya ne, ko tsakiyar ƙarƙashin injin? A shafa ɗan kaɗan a yatsa. Ruwa mai tsabta maras santsi daga ɓangaren shigowa yake, wato famfo ko tiyon shiga ko bawul, abin da ke buɗewa da rufe hanyar shigar ruwa a jikin injin. Ruwa mai kumfa ko santsin omo ko launin datti ya riga ya ratsa ganga, don haka a nemi laifin a robar ƙofa ko matata ko tiyon fita. Ruwa mai launin tsatsa da ke gangarowa daga tsakiyar bayan ganga labari ne daban, zan zo kansa.

A kuma tambayi wanda ya sa wankin a wane lokaci injin ya tsaya. Idan a farko ne yana ɗibar ruwa, hankali ya koma kan tiyon shiga da durowar omo. Idan yana cikin juya kaya ne, a fi zargin robar ƙofa da kumfa. Idan lokacin zubar da ruwa ne ko matsa, a duba matata da tiyon fita. Idan kuwa da safe aka tarar da ruwa alhali injin a kashe ya kwana, to ko mahaɗin famfo ne ke ɗiga ko bawul ne ba ya rufuwa. Akwai kuma tambayar da ake mantawa da ita: shin ruwan daga injin ya fito kuwa? Inda ake wanke daɓe ta hanyar kwara bokiti, ko inda injin ke baranda feshin damina na dukansa, ruwa na iya shiga farantin ƙasa daga waje ya tayar da gargaɗin alhali injin lafiyarsa ƙalau.

Mataki na huɗu: tiyon shiga da matsalar tankin sama

A jawo injin gaba kaɗan yadda mutum zai iya ganin bayansa, ana lura kada a ja tiyo ya tsinke. A goge tiyon shiga ya bushe, a naɗe busasshen tishu a mahaɗinsa na famfo da mahaɗinsa na jikin injin, sannan a buɗe famfon na ɗan lokaci, injin yana nan a zare daga wuta. Tishun da ya jiƙe shi ne ya nuna wurin. A rufe famfon, a kwance mahaɗin, a duba 'yar robar wosha da ke cikinsa. Zafin bazara da bushewar hunturu suna busar da ita har ta tsage ko ta baje, kuma sabuwa ba ta da tsada a shagunan kayan famfo, girmanta na bakin inci uku bisa huɗu ne. Wajen mayarwa a ɗaure da hannu har ya zauna daidai bisa zarensa, sannan a ƙara ɗan juyi kaɗan da filaya. Ɗaurewa da ƙarfin tsiya yana fasa bakin bawul, wanda roba ne, kuma daga gyaran wosha sai a koma sayen bawul.

A bi jikin tiyon da hannu daga farko har ƙarshe. Idan an ji kumburi ko tsagewa ko wurin da ɓera ya ɗanɗana, a sauya shi gaba ɗaya. Na san dabarar da aka saba da ita ta naɗe wurin da yankin robar tayar babur ko shafa gam, kuma tana iya riƙe tiyon ban ruwan lambu, amma ban yarda da ita a nan ba, domin wannan tiyon yana ɗauke da matsin ruwa dare da rana muddin famfo a buɗe yake, kuma ranar da ɗaurin zai saki ba lallai ne akwai kowa a gida ba. Ko bai nuna lahani ba, shawarar da aka saba bayarwa ita ce a sauya shi bayan kimanin shekara 5.

A bakin da tiyon ke shiga injin akwai 'yar rariya. A zaro ta a hankali da filaya, a wanke da tsohon buroshin haƙori, a mayar. Kada a taɓa jefar da ita don ruwa ya ƙara gudu. Ko ruwan famfo ne da ke zuwa daga Dadin Kowa, ko na rijiyar burtsatse, ko na tanka da ake saye, idan ya zauna a tanki yashi da laka suna kwantawa a ƙasa, kuma ƙwayar yashi ɗaya da ta wuce ta maƙale a bawul ta isa ta hana shi rufuwa. Akwai kuma batun matsi. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira bar. Yawancin injina suna buƙatar aƙalla rabin bar zuwa bar 1, kuma kowace mita 10 ta tsayin ruwa tana ba da kimanin bar 1, saboda haka tankin da ke mita 3 ko 4 sama da injin yana ba da ƙasa da abin da ake buƙata. Abin mamaki, ƙarancin matsi ba jinkirin cika kawai yake jawowa ba, yana iya sa bawul ya kasa rufuwa sosai, ruwa ya riƙa silalewa cikin ganga har ya cika ya tumbatsa. Maganin da ya fi sauƙi shi ne rufe famfon bayan kowane wanki, mai ɗorewa kuma shi ne ɗaga tanki ko sa ƙaramin injin ƙara matsi.

Mataki na biyar: tiyon fita

Ga injin mai ƙofa a gaba, dole tiyon fita ya hau sama tukuna kafin ya sauka, bakinsa yana tsakanin santimita 60 zuwa 90 daga ƙasa. Sau da yawa a gidajenmu ana shimfiɗa shi ne a daɓe ya nufi makwararar tsakar gida, sai ruwa ya riƙa fita da kansa yayin da injin ke ɗiba, injin ya ga ruwa na raguwa ya ce yoyo ne. A ɗaga shi a rataye da maƙalin roba mai lanƙwasa da ya zo da shi. Idan cikin bututu aka zura shi, kada ya wuce kimanin santimita 15, kada kuma a toshe bakin bututun ruf har iska ta kasa shiga, sannan a zuba bokitin ruwa a bututun a ga ko yana wucewa, domin bututun da ya toshe yana maido da ruwa ya gangaro bayan injin. Wasu injina masu ƙofa a sama, da masu baho biyu, ba su da injin zuƙa, nasu tiyon a kwance ake barinsa lokacin zubar da ruwa, don haka a duba littafin kafin a ɗaga.

Mataki na shida: robar ƙofa, durowa da kumfa

A buɗe ƙofa, a ɗaga leɓen robar da ke zagaye da bakin ganga, a bi ta da yatsa a hankali ana haskawa da tocila. A cikin ninkin nan ake samun fil na ɗaurin ɗankwali, allurar hijabi, maɓalli, tsinken sakace, har da ƙusa daga aljihun mai gida. A yi hattara da yatsa. A ƙasan robar akwai ƙananan ramuka da ke maida ruwa cikin ganga, a buɗe su idan datti ya toshe. A goge gefen gilashin ƙofar ma, domin silin gashi ko zaren shadda guda ɗaya da ya gitta tsakanin gilashi da roba ya isa ya ja ruwa waje. Idan an ga yaga, ko da ƙarama ce, robar ta tashi daga aiki. Yawanci lodi ne ke jawo ta, inda ake cusa bargo da zannuwan gado da babbar riga lokaci ɗaya a danna ƙofa da gwiwa har tufa ta maƙale a baki.

A zaro durowar omo gaba ɗaya ta hanyar danna ɗan maɓallin da ke tsakiyarta. Garin omo da ya daskare yana toshe hanyar ruwa har ya riƙa malalowa ta gaban injin. A jiƙa durowar a ruwan ɗumi, a wanke ta, a goge cikin gurbinta da rufinsa inda ƙananan ramukan feshin ruwa suke.

Kumfa kuwa, a ganina, ita ce ta fi kowane dalili yawan tayar da wannan gargaɗin a gidajenmu, kuma ita ce aka fi rainawa. Mun taso da wankin hannu inda yawan kumfa ke nuna omo ya ji, sai muka ɗauko wannan ma'aunin muka kawo wa injin. Omon ƙulli da na leda da ake sayarwa a kanti an yi shi ne don wankin hannu, yana tashi sosai, kuma a cikin ganga mai juyawa kumfar tana cika ta, ta fita ta durowa da ramin shan iska na baya, ta sauka cikin farantin ƙasa ta narke ta zama ruwa. Idan an ga kumfa ta rufe gilashin ƙofa lokacin da injin ya tsaya, ko an ga farin busasshen sawu a bayan injin, to an kusa gano mai laifi. A nemi omon da aka rubuta a jikinsa cewa na injin wanki ne, a bi ma'aunin da ke jikin ledar, a kuma nuna wa duk mai sa wanki a gidan, 'yar aiki ce ko ɗiyar gida, iyakar abin da za ta zuba.

Mataki na bakwai: matata

Tunda an riga an tsiyaye ruwan, a kwance murfin matatar gaba ɗaya a zaro ta. A cire zare da gashi da duk abin da ya taru, a wanke ta, a duba robar da ke zagaye da murfin ko ta tsage. A goge zaren murfin da na gurbinsa, domin yashi a nan yana hana shi zama. A mayar a murɗa dama har ya tsaya, a tabbatar toshin ɗan tiyon ya koma da kyau. Idan gargaɗin ya fito ne jim kaɗan bayan wani ya wanke matatar, kusan kullum murfin ne bai zauna daidai ba.

Mataki na takwas: zubar da ruwan faranti da busarwa

Ko an gyara inda ke yoyo, gargaɗin ba zai tafi ba muddin akwai ruwa a farantin ƙasa. Injin mai ƙofa a gaba yana da nauyin kilo 60 zuwa 80 saboda tubalan kankare da aka ɗaura wa gangarsa, don haka wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, ba kuma na mai juna biyu ko mai ciwon baya ba. A sake tabbatar da cewa fulogi a zare yake, ganga babu ruwa, durowa a cire. A shimfiɗa tsummoki, mutum biyu su karkata injin a hankali zuwa kimanin digiri 30, ta ɓangaren da littafinsa ya nuna idan ya nuna, su riƙe shi har ruwan ya daina zuba, su sauke a hankali. Kada a kwantar da shi ƙasa, kada kuma wani ya zura hannu ƙarƙashinsa yana karkace. Daga nan a bar shi ƙofa a buɗe a wuri mai iska ya kwana ɗaya cur. Da rani yana bushewa da wuri, da damina yana iya neman fiye da haka, kuma fanka tana taimakawa. Kada a kusantar da gawayi ko risho don a gaggauta shi.

Mataki na tara: gwaji

A mayar da injin mazauninsa, a danna kusurwoyinsa a ga ko yana rawa, a daidaita ƙafafunsa ta hanyar murɗa su har ya tsaya cak, domin injin da ke tsalle lokacin matsa, a gudun da ke kaiwa juyi 1000 zuwa 1400 a minti, yana sassauta mahaɗai yana goga tiyo da jikin ƙarfe. A goge daɓe ya bushe, a tura busasshen kwali ƙarƙashin injin ta yadda zai leƙo ta gaba da baya. A buɗe famfo a jira minti 10 a duba kwalin. Idan a bushe yake, a saka fulogi kai tsaye a soket na bango, a zaɓi gajeren wanki ko ɗauraya, babu kaya babu omo, a zauna a wurin daga farko har ƙarshe, ana kallo ba tare da taɓa bayan injin ba. Da zarar an ga ɗigo, a lura da abin da injin ke yi a lokacin, a kashe, a zare fulogi, a zaro kwalin a ga inda ya jiƙe. Idan ya kammala lafiya, a sake gwadawa da 'yan kaya kaɗan da omo daidai ma'auni, a kuma ci gaba da sa ido a wanki biyu ko uku na gaba, saboda ƙaramin yoyo yana ɗaukar lokaci kafin ya sake cika faranti.

Inda aikin mai gida ya tsaya

Duk abin da na lissafa ana yin sa ne ba tare da kwance jikin injin ba, kuma a nan nake ba da shawarar a tsaya. Idan injin yana cikin garanti, kwance bayansa ko samansa na iya soke garantin, don haka a nemo rasit a tuntuɓi inda aka saya. A kira mai gyara idan gargaɗin ya dawo bayan an busar an gwada, idan ruwa na fitowa daga tsakiyar ƙarƙashi, idan bireka na faɗuwa da zarar an kunna, idan ana jin ƙaurin waya, ko idan robar ƙofa ce ta yage. Ruwan tsatsa da na ambata, idan ya haɗu da rugugi mai ƙarfi lokacin matsa da kuma ganga mai kaɗawa idan an ɗaga ta da hannu, alama ce cewa robar da ke tare ruwa a bayan ganga ta mutu ruwa ya shiga boris, wato ƙarfen da sandar ganga ke juyawa a cikinsa. Gyara ne babba, kuma a wasu injina bahon da ke riƙe ganga a liƙe yake ba ya rabuwa, don haka a nemi jin kuɗin aikin gaba ɗaya a auna shi da shekarun injin kafin a amince.

Idan mai gyara ya zo, a gaya masa haruffan da suka fito, da lokacin da ruwan ke fita, da launinsa, a nuna masa kwalin. Abu ɗaya da nake roƙon kada a yarda da shi shi ne a cire wayar na'urar gano ruwa ko a haɗe ta don gargaɗin ya daina fitowa. Wasu kan kawo wannan a matsayin gyara mai sauƙi da araha, alhali sakamakonsa shi ne ruwan zai ci gaba da zuba kusa da mota da wayoyi ba tare da injin ya sake tsayawa ba. Idan na'urar ce ta lalace, ko datti da kyankyasai suka maƙale ta, a tsabtace ta ko a sauya ta. A nemi ya nuna ainihin inda ruwan ke fita kafin ya fara aiki, a sayo kayan gyara da lambar samfurin injin a hannu, a karɓi tsohon abin da aka cire, sannan a sa shi ya kunna cikakken wanki ɗaya a gaban mai gida kafin a biya shi. Idan kuma gidan ba shi da wayar ƙasa, a sa mai aikin wuta ya ja ta zuwa soket ɗin injin, ya kuma sa bireka mai gano ɓallewar wuta, mai 30mA, a layin da injin ke kai.